Kamfanin ja-gora na Agadas da ya kai mu Bagazam: abin da muka biya da abin da muka samu

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wani kolej na nan Tawa, kuma kowace shekara sai na rubuta wa yara a allo cewa wuri mafi tsawo a Nijar shi ne Idukal-n-Tages, cikin duwatsun Bagazam, mita 2,022. Nakan ma ƙara musu da cewa tsofaffin littattafai dutsen Gerebun suke ba wannan matsayi, mai mita 1,944, kafin a gyara. Su kwafe, in tambaye su, in ba su maki. Bara wani yaro mai bakin tsiya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ku kun taɓa hawa?" Aji ya fashe da dariya. Ban taɓa ba. Iyakata Agadas, ita ma biki ne ya kai ni.

Shi ya sa da hutun ƙarshen shekara ya zo muka haɗu mu uku. Ni, da wani abokina Bazabarme, majo ne, wato ma'aikacin jinya, a wata likita ta Yamai, sai ƙanen matata, ɗan kasuwar albasa, wanda ya ce zai raka mu amma kowa ya san albasar Tabelot, garin da ke gindin Bagazam, yake son ya gani da idonsa. A Facebook muka ga kamfanin. Ba zan kama sunansa ba, don akwai abin da zan faɗa marar daɗi, kuma ba so nake in toshe wa kowa hanyar abinci ba. Wanda ya san Agadas ya san irinsu: ɗaki guda ne kusa da tsohon gari, da teburi, da taswirar Abzin wadda rana ta cinye, da hotunan Turawa bisa raƙuma da aka ɗauka tun ina lakwal.

Ga yadda muka yi da su ta WhatsApp. Kwana shida daga Agadas a dawo Agadas. Mota katkat da direba da mai, abinci da ruwa, abin shimfiɗa da barguna, ja-gora, jakunan ɗaukar kaya, sannan abin da ya fi jan hankalina, wanda mai kamfanin ya yi ta nanatawa: za a hau da mu har ƙololuwa "ta inda ba kowa ke bi ba". Kowannenmu jika 175 na sefa. Muka aika rabi tun daga Tawa. Ba mu rubuta komi a takarda ba, ba mu sa hannu ba, kuma wannan laifina ne, ni da nake cewa yara su rubuta kwanan wata kafin su fara komi.

Ya kamata mai karatu ya san halin da wannan sana'a take ciki kafin ya ji ƙorafina. Akwai lokacin da jirgi ke tasowa daga Faransa ya sauka Agadas kai tsaye cike da masu yawon buɗe ido, musamman bayan UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya karya kasuwar, sace ma'aikata a Arlit cikin Satumbar 2010 ya ƙarasa ta. Da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, direbobi da ja-gorori da yawa can suka nufa. Waɗanda suka rage suna riƙe da ofis ne da kayan da suka saya shekaru ashirin baya, suna jiran baƙon da ba ya zuwa. Don haka ɗan ƙasa kamar ni yana iya yin ciniki har ya samu rangwame, amma araha ba ta ado.

Hanyar Tawa zuwa Agadas ba sai na ɓata bakina ba. Kilomita 400 ne ko kusa, kuma duk wanda ya wuce Abalak cikin kar ya san abin da ƙugunsa ya gaya masa. Muka isa da dare, muka kwana gidan dangi.

An ce mota za ta zo ƙarfe shida na safe. Ƙarfe shida muna bakin ƙofa da jakunkunanmu. Ƙarfe takwas na kira, aka ce tana gareji ana duba ɗan wani abu. Ƙarfe goma sha ɗaya aka ce saura kaɗan. Sai bayan azahar ta iso, kuma ba ita ce wadda aka turo mana hotonta ba. Wannan tsohuwa ce, gilashin gefe ɗaya kwali ne, tayar sakur ɗinta ta suɗe kamar tafin hannu. Majo ya zagaya ta sau biyu ya ce shi dai marar lafiyar da ya kai haka ba ya sallamarsa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to mu namu goran a gabanmu aka fafe shi. Muka tsaya wajen jami'an tsaro aka duba kartidantinmu, aka rubuta inda za mu da ranar dawowa. Wannan kam kamfanin ya yi daidai, shi ya shirya, kuma ina ba kowa shawara kada ya yi wasa da shi. Kafin ka ɗaga ƙafa ka tambayi mutanen Agadas halin da hanya take ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba.

Ba mu yi nisa sosai ba taya ta fashe cikin wani kwari mai duwatsu. Aka sa sakur, ita ma ba ta kai magariba ba. Nan muka kwana, washegari direba ya tari mai babur ya koma da tayoyin biyu, bai dawo ba sai la'asar. Kwana ɗaya da rabi sun tafi ke nan cikin shida. Amma in faɗi gaskiya game da direban: mutumin kirki ne, ya san rairayi, ya san inda zai rage iskar taya da inda zai ƙara, bai taɓa ɗaga murya ba. Motar da aka ba shi ce ba ta da hali.

A wannan daren na biyu ne, muna shan shayi, na gane ja-goran da aka haɗa mu da shi. Saurayi ne ɗan Agadas, mai ladabi, Faransancinsa ya fi nawa, yana da taswira cikin salularsa wadda ke aiki ko ba rezo. Na tambaye shi ta ina za mu bi zuwa ƙololuwa. Ya nuna mini layi a waya. Na ce, "Ka taɓa bin nan?" Ya yi shiru yana juya shayi daga kofi zuwa kofi, sannan ya ce, "Mushe, gaskiya sau biyu na hau Bagazam, kuma ta hanyar jakuna. Wancan gefen ban san shi ba." Na ji haushi, amma ba nasa ba. Da ya so da ya yi mini ƙarya, kuma da ba zan gane ba sai mun ɓace.

Rana ta uku da hantsi muka isa gindin dutsen ta wajen Tabelot, inda mota ta tsaya. Nan mai jakuna yake jiranmu tun shekaranjiya. Dattijo ne Buzu, cikin ƙabilar Kel Ewey, ya haura sittin, siriri kamar sanda, rawani ya rufe komi sai idanu, ƙafarsa cikin takalmin taya. Hausarsa tsaf, irin ta da, don ya ce tun yana saurayi yake bin ayari, a je Bilma a ɗauko gishiri da dabino, a gangara Damargu har Kano a sayo hatsi. A lissafin kamfani shi ba ja-gora ba ne. Mai jaki ne kawai, an ɗauke shi ya kai kaya. Da ya ji abokina Bazabarme ne sai ya ce, "To, an kawo mini bawana, a ɗora masa bido ɗaya jakina ya huta." Majo ya ce Buzun da ya rufe baki don kada a ga yana cin abincin mutane ba shi da ta cewa. Daga nan har muka rabu ba su bar juna sun sha iska ba, kuma wannan wasan ya ɗauke mana rabin gajiya.

Hawan farko ta hanyar jakuna ne, cikin wata tsaga tsakanin bangaye biyu na dutse. Ba hanyar wasa ba ce, amma hanya ce: duwatsun sun yi santsi saboda kofato, kuma kowane lokaci sai ka manne da bango ka ba jakuna wuri, suna gangarowa da buhunan albasa da dankalin turawa da tafarnuwa. Ƙanen matata duk jakin da ya wuce sai ya tsai da mai shi ya taɓa buhu ya tambayi kuɗi. Ni kuwa numfashi nake nema. Mutumin Tawa da ya saba da fili, dutsen da ya sani bai wuce tuddan Adar ba, nan yake gane cewa yana da huhu. Muka sha ruwa a wani marmaro da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, sanyi kamar daga firjin.

Abin da ban shirya masa ba shi ne saman. Ni da nake koyar da cewa Bagazam tudu ne mai faɗi, sama da mita 1,500, a raina tsini nake gani. Sai ga ƙasa shimfiɗe, da ƙauyuka, da garake kore shar, da awaki, da yara suna bin mu suna kallo. Ko'ina manyan duwatsu ne mulmulallu, wasu kamar rumbu, wasu kamar an ɗora tulu bisa tulu. Na tambayi dattijon labarin dokin Bagazam da muke ji tun muna yara, wanda ake cewa ba a tsere da shi. Ya yi dariya ya ce shi dai tun tasowarsa jaki ya sani.

Daren nan ne na san darajar bargon kamfani. Kowa guda ɗaya, shara-shara, mai warin ajiya. A aji nakan ce duk mita dubu da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri shida, yara su rubuta. To, a ƙarshen Disamba, a wannan tudu, da iskar hunturu tana shigowa ta ƙarƙashin tanti, na ji wannan darasi cikin ƙashina. Na sa riguna uku da safa biyu na naɗe kai da rawani, duk da haka haƙorana suna kaɗawa. Da asuba na ɗauki buta zan yi alwala na ji ba ta zuba. Ruwan saman ya daskare, sai da na sa yatsa na fasa. Dattijon ne ya shiga ƙauye ya aro mana barguna biyu masu nauyi wajen danginsa don dare na gaba. Kamfanin da ke kai mutane Bagazam cikin sanyi da irin wannan bargo, ko dai bai taɓa kwana can ba, ko bai damu ba.

Da safe muka zauna lissafi. Ƙololuwar tana can arewacin tudun, mu kuwa kwanakinmu sun ƙare a gareji da bakin kwari. Saurayin ya ce in muka yi sauri za mu iya. Dattijon ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi tumbin ƙanen matata, ya ce, "Mushe, zuwa kuna iya zuwa. Dawowa ce ban ɗaukar muku alkawari ba, kuma mota jibi take jiranku." Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani wuri a bakin gabas inda yake kai awaki yana yaro. Ba hanya, ba a kai baƙi, amma wuni ɗaya ne zuwa da dawowa, kuma in mun tsaya can za mu ga abin da muka zo gani. Raina bai so ba. Lambar nan 2,022 ce ta fito da ni daga gida. Majo ya ce, "Kai dai ka bi Buzu, ko ɓata ya yi da mu mun samu abin gori."

Wannan wunin shi ne abin da na biya kuɗi dominsa, kuma ba ya cikin tsarin kamfani.

Muka bar jakuna a ƙauye, kowa ya ɗauki lita uku na ruwa, da dabino da cuku. Kafin mu tashi dattijon ya kafa mana doka ɗaya: in rana ta kai tsaka, ko mun kai ko ba mu kai ba, juyawa za mu yi. Bayan garake na ƙarshe sawun mutane ya ɓace. Sai duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar ɗan'uwansa. Wayar saurayin ta ce tsakaninmu da bakin dutsen bai kai kilomita huɗu ba, a miƙe. Dattijon ko kallonta bai yi ba, ya karkata hagu, kamar mai komawa baya. Bayan kamar rabin awa muka gane dalili: daidai inda layin wayar ya bi akwai wani rami mai zurfi, tsaga ce da ba a ganinta sai ka zo bakinta, kuma a taswira ba ta fi zare ba.

Na riƙa binsa a baya ina kallon abin da yake kallo. Kashin awaki yake bi, amma ba kowanne ba. Ya ce inda akuya ta bi da ɗanta mutum ma yana bi, inda bunsuru ya bi shi kaɗai kada ka yarda. Wani wuri sai ka ga ƴan duwatsu uku ko huɗu an ɗora bisa wani babba, alamar makiyaya, wadda ni da zan wuce ta sau goma ban lura ba. Ya nuna mana bambancin dutse: mai baƙin sheƙi santsi gare shi, mai kaushi kamar dutsen niƙa shi ke riƙe ƙafa. In dutse ya yi ƙaramin sauti da ka taka, sauka, ba zaunanne ba ne. Kada ka sa hannu cikin tsagar da idonka bai gani ba, don maciji da kunama su ma sanyi suke gudu. Abin da ya fi burge ni shi ne duk bayan ɗan lokaci sai ya tsaya ya juya baya ya daɗe yana kallo. Na zaci mu yake jira. Ya ce a'a, hanya fuska biyu gare ta, wadda ka gani da zuwa ba ita za ka gani da dawowa ba, don haka tun yanzu yake haddace ta. Ya sa mu ma muka riƙa yi. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa hutu mai tsawo, ya ce jiki in ya huce a nan ba ya son tashi.

Can cikin wani lungu ya nuna mana wani icce gajere, murɗaɗɗe, mai ƙananan ganye masu toka-toka. Zaitun daji ne, wanda a ƙasarmu sai a manyan duwatsun Abzin ake samunsa, ragowar zamanin da Sahara take da ruwa. Na san shi a littafi da sunan wani sojan Faransa, Laperrine. Na tsaya na riƙe reshensa kamar mai gaisawa da surukai. Kusa da shi ya nuna sawun ragon dutse a ƴar ƙasa mai laushi, ya ce da yana yaro garke-garke yake gani, yanzu sai sawu. Rema kam mun gani da yawa, suna shan hantsi, da mun matso su shige.

A nan ne takalmina ya ci amanata. Na gwanjo ne, na saya a kasuwar Tawa don na ga ƙasansa da kauri kamar na soja. Na taka wani dutse na ji ƙafata ta yi sauƙi, na duba sai ga tafin ya ɓalle daga gaba har tsakiya, yana buɗe baki kamar kada. Na zauna na rasa abin faɗi. Dattijon ya tsuguna, ya karɓa ya juya shi, ya kwance wata robar cikin taya da ya ɗaura a sandarsa. Ya tsaga ta biyu da wuƙa, ya naɗa ta sau biyar daga ƙarƙashi zuwa sama, ya bi da ita ta bayan diddige don kada ta zame, ya ƙulle a gefe inda ba za ta taɓa dutse ba. Bai kai minti biyar ba. Ya miƙo mini ya ce, "Mushe, wanda ya saida muku wannan, ku gaishe shi." Da wannan ɗaurin na gama tafiyar har Agadas.

Ƙarshen hawan da hannu da ƙafa ne, ta cikin wata tsaga da sai ka cire jaka ka miƙa wa na gaba. Ƙanen matata ya maƙale a tsakiya, Majo yana ja dattijo yana turawa, dukansu suna dariya. Na fito ta ɗaya gefen ina kakkaɓe gwiwa, na ɗaga kai, sai na ga ƙasa ta ƙare.

Falalen dutse ne, bai fi faɗin tabarma huɗu ba, gabansa kuwa ba komi. Ban iya tsayawa ba, zama na yi na matsa da gindi. Can ƙasa, nisan da ba ka gane mutum, kwari ya yi ta lanƙwasa kamar farin zare, garake sun bi gefensa kore-kore, ƙanana kamar an yanka ƙyalle. Iska in ta juyo sai ka ji ƙarar injin ban-ruwa siririya, ta zo ta ɓace. Gaba da nan duwatsu ne jere-jere, baƙi, sannan shuɗi, sannan toka, kowane layi ya fi na gabansa dushewa, har inda hazo ya haɗe ƙasa da sama. Dattijon ya miƙa sanda can ya ce, "Tenere ke nan. Ta nan muke fita in za mu Bilma." Ban ga rairayin ba, hazon hunturu ya rufe, kuma wanda yake son gani tar gara ya zo kafin iskar ta kankama. Wani tsuntsu babba yana shawagi, kuma a ƙarƙashinmu yake, bayansa muke gani. Ta arewa ga ƙololuwar da ban je ba, a fili, kamar ka miƙa hannu. Hangen Dala dai. Wayar saurayin ta nuna mita 1,800 ba kaɗan.

Rana ta kusa kai tsaka. Dattijon ya tara ƴan itatuwa ya dafa shayi, ya ce yau kofi biyu za a sha, na ukun sai a gida. Muka yi taimama don tattalin ruwa, muka yi azahar a kan falalen, shi ya ja mu. Majo, wanda bakinsa ba ya hutawa, tun da muka fito tsagar bai ce uffan ba.

Gangara ta fi hawa wuya, gwiwa ce ke biya. Kusa da la'asar ƙanen matata ya gurɗe ƙafa. Na tambayi saurayin akwatin magani, ya ce kamfani bai ba shi ba. Ko bandeji, ko parasetamol. Ba rezo a wurin, kuma ko da akwai, ba motar da za ta zo. Allah ya sa Majo ba ya tafiya ba da ƴar jakarsa ba. Ya ɗaure ƙafar, dattijo ya ba shi sandarsa, muka shigo ƙauye ana kiran magariba. Da babu ma'aikacin lafiya cikinmu, ko da karaya ce ba gurɗewa ba, ban san yadda za mu kwashe ba. A duk laifuffukan kamfanin wannan ne ban yafe ba. Mota tana lalacewa ko ta wa ce, amma bandeji jika nawa ne?

Abinci ba laifi. Saurayin ne ke dafawa, kuma yana da hannu: shinkafa da miyar tumatir, makaroni da sardin, wata rana wake. Amma abin da nake tunawa shi ne tagalla da dattijon ya yi mana a daren ƙarshe. Ya kwaɓa garin alkama, ya share garwashi gefe, ya binne ƙullun cikin rairayi mai zafi ya mayar da toka a kai. Da ya tono ta ya kakkaɓe ya ɗauraye, ya gutsuttsura cikin miya, ba ka jin ko ƙwayar ƙasa. Ruwan kamfani kuwa, bido biyu cikin huɗu warin esans suke, sai muka koma na marmaro.

A wannan daren na tambaye shi nawa ake ba shi. Ya ƙi faɗa, sai saurayin ne ya gaya mini a gefe: jika 4 a wuni, shi da jakunansa uku, kuma kwanakin da ya yi yana jiranmu ba a lissafa su. Na yi lissafin jika 525 da muka zuba mu uku, na ji kunya. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa muka ba shi. Ya ƙi karɓa sau biyu, sai da Majo ya ce ai ubangida ba ya mayar da kyautar bawansa, sannan ya yi dariya ya sa a aljihu.

Da muka koma Agadas na je ofis na zauna da mai kamfanin. Na lissafa masa: kwana ɗaya da rabi, motar da aka sauya, ƙololuwar da ba a kai mu ba, bargo, magani. Ya saurara da kyau, ya ba mu shayi, ya ce lamarin mota ikon Allah ne. Na ce ikon Allah ne, amma tayar sakur ikon mutum ce. Bayan doguwar magana ya mayar wa kowannenmu jika 15, ya ce in mun dawo zai yi mana ragi. Ba ɗan damfara ba ne, ban ga alamar haka ba. Mutum ne da ke sayar da abin da ba shi ne ke da shi ba. "Inda ba kowa ke bi ba" yana cikin kan wani dattijo mai jaki, shi kuwa ko sunan dattijon sai da ya tambayi direba.

Tun da aikina ba da maki ne, bari in ba da. Ofis 7 bisa 20, kuma biyu daga ciki na takardun tsaro ne da ya shirya daidai. Direba 15. Saurayin 13, saboda girkinsa da gaskiyar da ya faɗa, kuma na ga yana bin dattijon yana tambaya yana sa alama a wayarsa, in ya ɗore zai zama ja-gora na gaske. Dattijon ba ni da matsayin da zan ba shi maki.

Wanda yake son zuwa, ba zan ce kada ya bi ta kamfani ba, don mota da takardu sai da su. Amma ka je ka ga motar da idonka kwana ɗaya kafin tafiya, ka taɓa sakur. A rubuta komi a takarda, har da abin da za a mayar maka in kwana ya salwanta, kuma kada ka ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku kafin a tashi. Ka tambaya wane ne ɗan dutsen da zai shige gaba, daga wane ƙauye, nawa za a ba shi. In aka ce maka ja-goran birni ya isa, to hanyar jakuna za ka bi, ita ma tana da kyau, amma kada ka biya kuɗin wadda ba ita ba. Ka ƙara kwana biyu a kan abin da aka ce maka. Bargonka, maganinka, fitilarka, ka zo da abinka. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya ga likita tukuna. Takalmi kuma ka yi wata guda kana yawo da shi a gari kafin ka kai shi dutse.

Ƙanen matata ya dawo da ɗingishi da lambobin masu garake uku, ya ce shi tafiyarsa ta biya. Ni kuwa ina bin Bagazam mita ɗari biyu da ƴan kai. Dattijon ba shi da waya, sai ta hannun wani mai butik a Tabelot ake samunsa. Na aika a gaya masa in Allah ya kai mu baɗi ina nan zuwa, kwana takwas, kuma wannan karon shi zan fara nema kafin mota. Bayan mako biyu amsa ta zo: ya ji, in zo da sukari da ganyen shayi, in zo da bawansa, kuma kada in sake zuwa da wancan takalmi.